Teburin Gilashi a Falon Umma

Saura kwana tara hutun ƙarshen shekara Yaya ta iso gida, da akwati ɗaya da tef ɗin awo a jakar hannu. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta tsaya a tsakiyar falon Umma tana juyawa a hankali, tana bin komai da kallo kamar wadda aka aiko duba ɓarnar ambaliya. Ƙanwarta Auta, wadda ke zaune da mahaifiyar tasu a gidan, tana bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ta san wannan kallon tun suna yara, ta kuma san abin da ke biyo bayansa.

Falon dai, a faɗi gaskiya, ya cika ido. Kujerun jajaye ne jawur, labulen rawaya, teburin tsakiya baƙin katako mai kauri. Kofuna ruwan lemo jere a saman kabad. A bakin 'yar matakalar da ke sauka zuwa wurin cin abinci an manna koren salatif mai ƙyalli, makunnin fitila kuma an zagaye shi da jan farce. Yaya manajar otal ce a wani gari mai nisa, idonta ya saba da farare da ruwan toka. Ta ce wannan ba falo ba ne, ajin 'yan rainon yara ne. Ɗan'uwansu, wanda ake kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon gidan yana ɗan shekara bakwai, zai dawo bayan shekara shida a ƙasar waje, da matarsa da jaririyar da babu wanda ya taɓa gani sai a waya. Ita kam ba za ta bari baƙuwa ta shigo ta tarar da wannan ba.

Umma na zaune a kujerarta ta gefen taga. Shekara talatin ta yi tana shugabancin makaranta, mace ce da gyaran muryarta kaɗai ke kashe surutun yara dubu. Amma ranar nan cewa kawai ta yi gidan ubansu ne, su yi yadda suka ga dama. Da Auta ta sunkuya za ta ɗauki kofin shayi a gefenta, sai Umma ta cafke wuyan hannunta ta matse, sannan ta saki.

Auta ba ta buƙaci fassara ba. Wata goma sha ɗaya da suka wuce ita ta raka Umma asibitin ido, bayan ta lura uwar tana zuba ruwa a gefen kofi, tana kuma cin karo da ƙofa a buɗe. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ganin yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, sannan abu fari a kan fari ko toka a kan toka ɓacewa yake yi, launi mai ƙarfi ne kaɗai ke tsayawa. A hanyar dawowa Umma ta sa Auta ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, musamman Yaya. Tun rasuwar Baba, Yaya ke nacin Umma ta koma wurinta, a hawa na huɗu na wani dogon bene. Umma ta ce ranar da Yaya ta ji maganar idon nan, naɗe ta za ta yi kamar tabarma ta kai ta sama, inda ba ta san ko maƙwabci ɗaya ba. Tun daga nan Auta ta bi gidan da launi. Ita ta saka wa kujerun jan yadi, ita ta manna salatif, ita ta canza kofunan. Duk wanda ya zo ya yi dariya, sai Umma ta ce tsufa ne ya zo mata da son kwalliya.

Washegari Yaya ta ja Auta zuwa babban kantin kayan ɗaki. Wurin ya cika maƙil da masu sayayyar hutu, kekunan kaya na karo da juna, kiɗa na tashi daga rufi. Yaya ta tafi kai tsaye kamar da ma ta zana komai a kanta. Kujeru ruwan toka masu ƙananan ƙafafu, labule fari mai shara-shara, darduma ruwan madara. Auta tana biye, duk abin da aka ɗauka sai ta kawo suka. Ta ce farin labule ba ya jure ƙura. Ta ce kujerun sun yi ƙasa, tashi zai yi wa Umma wuya. Ta nuna wasu shuɗaye masu duhu ta ce ko waɗannan. Matar da ke sayarwa a sashen, wadda tuni ta gane wace ce mai yanke hukunci a cikinsu, ta yi murmushi ta ce ai yanzu an daina yayin masu duhu.

Sai suka iso kan teburin. Gilashi ne zalla, dogo, ƙasa-ƙasa, kusurwoyinsa a tsaye, ƙafafunsa siraran ƙarfe masu sheƙi. Sai da Auta ta matso ta tabbatar akwai abu a wurin. Ta juya wurin Yaya.

"Yaya, wannan teburin ba ya ganuwa."

"Ai kyansa ke nan."

Auta ta ce akwai jaririya da za ta zo. Yaya ta ce jaririyar wata bakwai ba ta tafiya. Auta ta ce gilashi na fashewa. Mai sayarwar ta ƙwanƙwasa shi da zobenta ta ce ko mutum ya hau ba abin da zai yi. Auta ta ce to a bar tsohon teburin, shi kaɗai, ita ta yarda da sauran. Muryarta ta ɗan tashi, har wasu mata biyu da ke duba madubi suka waiwayo. Yaya ta sha mur, ta matso kusa, ta rage murya yadda take yi wa ma'aikatanta.

"Kin daɗe a gidan nan har idonki ya tsufa. Ranar da kika yi naki ɗakin, ki shafa masa duk kalar da kika ga dama."

Auta tana da shekara talatin da ɗaya, malamar lissafi ce a sakandare, kuma ta san manema aure nawa ta sallama saboda ba za ta iya barin gidan ba. Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Kalma huɗu ce kawai, Umma ba ta gani, da ta faɗa shi ke nan an gama. Ta ji zafin matsar nan a wuyan hannunta kamar yanzu aka yi. Ta haɗiye, ta juya ta kama kallon wasu fitilu. 

Kwana biyu bayan nan motar kanti ta kawo kaya. Jajayen kujerun da baƙin teburin Yaya ta riga ta yi kyautarsu ga matar da ke yi musu wanki, kafin azahar an kwashe su. Aka sauke rawayan labule, aka ɗaura fari. Kofunan ruwan lemo suka shiga kwali. Yaya ta durƙusa da kanta a bakin matakala tana ɓare koren salatif da farce. Auta ta ce a bar shi mana, ita tana ganin yana da kyau a wurin. Yaya ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Da aka gama, falon ya yi kyau, wannan ko Auta ba ta musa ba. Ya yi faɗi, ya yi haske, kamar hoton mujalla. Yaya ta kamo hannun Umma ta shigo da ita tana tambayar yaya ta gani. Umma ta tsaya ƙyam, ta juya kai dama, ta juya hagu, ta ce ya yi tsaf. Auta ce kaɗai ta lura ba ta saki hannun Yaya ba har sai da aka zaunar da ita a babbar kujera, wadda yanzu take can cikin ɗaki, nesa da taga.

Da hantsin washegari Yaya ta fita neman furanni. Ƙarar motarta na ɓacewa Umma ta miƙe ta ce Auta ta zo su yi darasi. Daga ƙofar ɗakinta zuwa babbar kujera taku tara. Daga kujera zuwa taga taku shida, a miƙe. Zuwa matakala taku huɗu, sai a juya hagu, biyu, sai a tsaya a laluba da ƙafa. Ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu, leɓenta na motsi. A na uku ta ɗan kauce, ƙaurinta ya daki kusurwar teburin. Ba ta yi ƙara ba, sai dai ta dafa iska, Auta ta tare ta. Wurin ya kumbura nan take.

Auta ta durƙusa tana danna mata ƙanƙara, tana roƙonta ta bari a faɗa. Ta ce Yaya ba dodo ba ce, kuma Injiniya zai goyi bayansu. Ta ce ita ta gaji, ko wanka ta shiga kunnenta na falo.

"Kwana goma ne za su yi su tafi," in ji Umma. "Na riƙe makaranta, ba zan kasa riƙe falo ba. Sauke min zanena ya rufe wurin."

Auta ta yi abin da za ta iya. Ta shimfiɗa jan mayafi a kan teburin, Yaya na dawowa ta yaye shi da yatsa biyu ta miƙa mata. Sai Auta ta cika farin kwano da lemo ta ajiye a tsakiya. Yaya ta ja baya, ta karkata kai, ta ce wannan kam ya yi. Da wannan kwanon Umma ta yi kwana biyar tana gane inda teburin yake. Duk da haka Auta ba ta ƙara zama da daɗi ba. Umma na motsawa sai ta miƙe, ta ƙirƙiro dalilin wucewa ta gabanta. Yaya har ta fara tsokanarta wai ta zama 'yar rakiya.

Baƙi suka iso da la'asar ɗin ranar da aka fara hutu. Gidan ya kaure da murna. Injiniya ya yi ƙiba, ya fara sanƙo, ya durƙusa a gaban Umma ta shafa kansa tana cewa ina gashin ya tafi. Matarsa doguwa ce mai sanyin magana, ta gaida kowa a ladabce, ta yaba falon, Yaya ta saci kallon Auta. Akwatuna suka cika bakin ƙofa, sai Injiniya ya ja teburin gefe don a sami hanya. Yaya ta ɗauke kwanon lemon ta kai kicin a yanka, ta jera gilasan ruwa a madadinsa. Duk wannan ya faru Auta na kicin tana haɗa shayi.

Ta fito da tire a hannu, tana hawa matakalar, daidai lokacin da aka ɗora wa Umma jaririyar a cinya, cikin farar riga da farin tawul. Umma ta sunkuya, ta kai fuskarta kusa, ta ja baya, ta sake matsowa. Sai ta ce wurin nan ba haske, bari ta je taga ta ga wa yarinyar ta ɗebo. Ta miƙe da ita a ƙirji. Babu wanda ya ga abin damuwa, Injiniya ma waya ya ɗaga zai ɗauki hoto. Auta ta ga leɓen Umma ya fara motsi. Taku shida a miƙe, haka suka haddace. Amma teburin yanzu yana kan hanyar, a wurin taku na uku, ba komai a kansa sai gilasai da ruwa.

Ɗaya. Tiren ya yi wa Auta nauyi, tsakaninta da Umma akwai kujera da akwati biyu. Biyu.

"Umma, tsaya a nan. Kada ki ƙara taku." Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. "An matsar da tebur. Yana gabanki."

Umma ta tsaya, ƙafarta a sama, ta mayar da ita inda ta fito. Tsakanin gwiwarta da kusurwar gilashin bai kai tafin hannu ba. Ta sunkuyar da kai tana dubawa, kuma duk wanda ke falon ya ga ba inda teburin yake take kallo ba. A hankali ta miƙa yatsun ƙafa har suka taɓa ƙarfen, gilasan suka yi 'yar ƙara. Jaririyar ta kama bakin mayafinta tana ja.

"Wani ya karɓi yarinyar nan," in ji Umma.

Uwar ta zo ta karɓa. Hannun Umma ya zauna a yadda yake na ɗan lokaci kafin ta sauke shi. Yaya ta miƙe tsaye.

"Umma, ba ki ga teburin ba?"

"Tun ranar da aka kawo shi ban taɓa ganinsa ba."

Ta ce a mayar da ita kujera. Da ta zauna, ta gyara mayafi, ta yi musu bayani tiryan-tiryan kamar mai karanta rahoton ƙarshen zango: sunan ciwon, ranar da aka gano, abin da likita ya ce, abin da ya rage. Ta ce ita ta hana a faɗa, kada wanda ya ɗora wa wani laifi. Injiniya ya zauna a ƙasa wayar na hannunsa. Yaya kuwa idonta na kan bakin matakalar, inda har yanzu ake ganin sawun gam.

A kicin Yaya ta tsare Auta. Ta turo ƙofa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce wata goma sha ɗaya suna waya kusan kullum, ana ce mata lafiya lau. Ta ce an mayar da ita bare a gidan ubanta, an bar ta ta yi kyautar kujerun, an bar ta ta tsaya a kanti tana faɗar maganganun da yanzu ba ta san inda za ta sa kanta ba.

"Kina tsaye a kaina na ɓare salatif ɗin nan."

"Na ce ki bar shi."

"Cewa kika yi yana da kyau. Ba ki ce uwarmu za ta faɗi ba."

"Da na faɗa, me za ki yi?"

"Da tuni na ɗauke ta na..." Yaya ta tsaya. Ta juya ta kunna famfo, ta wanke hannun da ba abin da ya taɓa, ta daɗe tana wankewa.

Auta ta ɗauka Umma za ta ce mata wani abu, ko faɗa ne. Ba ta ce ba. Kwana biyu ta yi ba ta kira sunanta ba, ruwa ma matar Injiniya take sa wa ta kawo. Wannan ya fi wa Auta ciwo fiye da duk abin da Yaya ta faɗa, don ba ta san ko haushin karya alkawari ba ne, ko kunyar abin da ya kusa faruwa. Ta yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska, ta fito ta ci gaba da girki.

Injiniya ya kinkimi teburin ya kai sito. Shi da Yaya suka yi ta kus-kus a tsakar gida, ana ambaton manyan asibitoci da ɗaki a hawan ƙasa da mai kula da tsofaffi, suna yin shiru in an wuce. Baƙuwar ce, matar Injiniya, ta ja kujera kusa da Umma da safiyar rana ta uku, ta tambaye ta abin da babu wanda ya tambaya: me take gani, kuma me ya fi mata sauƙi. Umma ta amsa mata. Ta ce idon dama ya tafi. Na hagu yana ganin abin da ke gabansa in akwai haske ta bayanta, ba ta gabanta ba. Sai matar ta juya kujerar, taga ta koma bayan Umma, ta ɗago jaririyar daidai fuskarta ta riƙe. Umma ta daɗe tana kallo. Ta ce goshin na kakanta ne, Allah ya sa ba ta ɗebo taurin kan ba. Kowa ya yi dariya, har Yaya, duk da dariyar tata ba ta yi nisa ba.

Maganar ƙaura Umma ce ta ɗauko ta da kanta, a kan abinci, kafin su gama shirya yadda za su tunkare ta. Ta ce ta ji kus-kus ɗinsu, kunnenta lafiyarsa ƙalau. Ba inda za ta. Za ta je wurin Yaya ta yi sati biyu a ga babban likitan da ake ta faɗa, ziyara ce, kuma da ƙafarta za ta dawo. A cikin sati biyun Auta ta huta, ta je inda take so. Wannan ne karon farko da ta ambace ta tun ranar da baƙin suka iso, ko da yake ba ta juyo wajenta ba. Yaya ta buɗe baki, Injiniya ya taka mata ƙafa, ta rufe. Babu wanda ya tashi daga wurin yana ganin an gama maganar.

Ranar da aka koma aiki Umma da Yaya da Auta suka tafi asibitin ido karɓar takardun da za a kai wa wancan likitan. Umma ta shiga ita kaɗai, ta ce ba ta son 'yan kallo. 'Yan'uwan biyu suka zauna a dogon benci a baranda, jaka a tsakaninsu. Mutane na wucewa da auduga a ido, ana jan wasu da hannu. Can Yaya ta tambaya, ba tare da ta kalli Auta ba, sau nawa ta zauna a nan ita ɗaya. Auta ta ce sau bakwai. Yaya ta gyaɗa kai. Ta ɗauke jakar ta ɗora a cinya, ta matso, ta ce a faɗa mata ranar dawowa ta gaba, ta rubuta a wayarta.

Ƙofa ta buɗe, Umma ta fito da ambulan a hannu tana mita. Ashe sabon likitan da aka kawo tsohon ɗalibinta ne, ta gane shi da murya, kuma har yau bai daina cin rabin kalma ba. Ta miƙa ambulan ɗin gabanta, su biyun suka kai hannu a tare.

"Auta ta riƙe," in ji Umma. "Ke zo ta hagu, a nan nake gani. Kuma kada ki ja ni, ni zan riƙe ki."

Yaya ta zagayo ta hagu ta ba ta gwiwar hannu, suka nufi ƙofar fita a hankali, Auta na bayansu tana karanta takardar.